Tangaran ko Ƙaro: Tarihin Lulluɓin Haƙori

Wanda ya je wurin likitan haƙori a Landan, ko Dubai, ko Istambul, ko ma Abuja, yana son a gyara masa haƙoran gaba, akan ajiye masa zaɓi biyu. Ko dai a manna wa kowane haƙori siririn faifan tangaran da aka gasa a ɗakin ƙira, ko kuma likita ya shafa masa wani farin ƙaro na roba da aka cuɗa da garin gilashi, ya siffanta shi a cikin baki, ya ƙafar da shi da shuɗin haske. Wannan na biyun shi ne kwamfosit. Duka biyun ana ce musu biniya, sunan da aka aro daga kafintoci, domin aikin ya yi kama da yadda ake lulluɓe fuskar tebur da fomeka. Bayanin da ake yi wa mai son gyaran kusan iri ɗaya ne ko'ina: tangaran ya fi tsada, ya fi ƙyalli, ya fi ƙarko, ƙaro ya fi araha, a zama ɗaya ake gamawa, amma yana dusashewa. Sai mutum ya laluba aljihunsa ya zaɓa, kamar mai sayen yadi a kanti. Ni dai a ganina tarihin wannan sana'a yana nuna cewa akwai tambayar da ta riga wannan, ita ce nawa za a sassaƙe daga jikin haƙorin kafin a ɗora masa komai. Shekara da shekaru masu bincike suka yi suna neman hanyar da za su daina sassaƙar lafiyayyen haƙori, kuma sun same ta. Duk zaɓin da ya manta da wannan, baya yake mayar da sana'ar, komai kyan kayan da aka yi aiki da su.

Tangaran ya daɗe da shiga baki. A ƙarni na 18 masu hali a Turai da hauren giwa ko na dorina ake sassaƙa musu haƙoran aro, wani lokaci a haɗa da haƙoran mutane, kuma haure yana shan yawu, ya yi baƙi, ya yi wari. Wani mai haɗa magunguna a kusa da Faris, Alexis Duchâteau, da warin nasa ya ishe shi, sai a 1774 ya yi tunanin a yi masa haƙora da irin yumɓun da ake yin faɗi-ka-mutu. Bai yi nasara shi kaɗai ba, domin yumɓu yana tsukewa a wuta, abin da aka auna daidai sai ya fito bai shiga baki ba. Wani likitan haƙori, Nicolas Dubois de Chémant, shi ya gyara haɗin, ya koma Landan a zamanin juyin juya halin Faransa, inda masana'antar Wedgwood ta riƙa ba shi yumɓun. A 1808 wani ɗan Italiya mai aiki a Faris, Giuseppangelo Fonzi, ya fara yin haƙoran tangaran ɗai-ɗai. Tun daga lokacin an san alherin tangaran da sharrinsa, kuma ba su sauya ba har yau: ba ya shan ruwa, ba ya rina, yana karɓar haske kamar haƙorin gaske, amma yana da gautsi, in ya tsage kuma ba ya ɗinkuwa.

Duk waɗannan na wanda ya rasa haƙora ne. Wanda ya fara rufe haƙori mai rai da tangaran gaba ɗaya shi ne Charles Land na birnin Ditiroyit a Amurka, wajen ƙarshen ƙarni na 19. Hula ce yake ƙerawa, a kifa wa haƙori tun daga sama har bakin dasashi. A nan ne matsalar da ta mallaki sana'ar shekara da shekaru ta bayyana. Simintin da likitoci ke da shi a lokacin ba ya kama haƙori, cike gurbi kawai yake yi tsakanin hula da abin da aka kifa ta a kai. Siffa ce ke riƙe hular, kamar yadda marfi ke zama a bakin kwalba, don haka tilas a sassaƙe haƙorin ta kowane gefe har ya zama ɗan turke. Abin da ake zubarwa a wannan sassaƙa shi ne farin ɓawon nan da likitoci ke kira inamel, wanda ya fi komai tauri a jikin ɗan Adam, kusan kashi 96 cikin ɗari nasa ma'adini ne. Ƙwayoyin halittar da ke gina shi suna gama aikinsu su tafi tun lokacin da haƙori ke ɓullowa daga dasashi. Ƙashi in ya karye yana haɗewa, fata in ta yanke tana warkewa, farce da gashi suna tofowa, amma ɓawon haƙori sau ɗaya ake ba mutum. A fuskar haƙoran gaba kaurinsa bai wuce milimita ɗaya da 'yan kai ba, kusa da dasashi kuwa bai kai rabin haka ba. A ƙarƙashinsa akwai dantin, mai taushi, mai danshi, cike da ƙananan hanyoyi da suka nufi jijiya, shi ya sa wanda aka tone masa shi yake jin ruwan sanyi har ƙwaƙwalwa.

Biniya kanta a Holiwud aka haife ta. A 1928, daidai lokacin da fim ya fara magana kuma kyamara ta matso kusa da bakin 'yan wasa, wani likitan haƙori a Kalifoniya, Charles Pincus, ya riƙa yi musu siraran faya-fayai da ake ɗora wa haƙora don a rufe giɓi ko karkata. Da garin da ake liƙa haƙoran roba yake manna su, su yi 'yan sa'o'i ana ɗaukar hoto, a cire kafin a ci abinci. Kayan wasa ne, kamar gemun aro. Amma akwai abin lura a cikinsa: Pincus bai taɓa haƙorin da ke ƙasa ba, ɗan wasa yana komawa gida da bakinsa yadda Allah ya yi shi. Tunanin ya samu, manne ne babu.

Mannen ya zo ta hannun mutum biyu waɗanda sunansu ya kamata ya fi na Pincus fita. Michael Buonocore yana aiki a cibiyar haƙori ta Eastman da ke Rocesta a jihar Niyok. Ya lura cewa masana'antu suna wanke ƙarfe da asid na fosforik kafin su yi masa fenti, don fentin ya kama, kamar yadda mai fentin mota ke bin jikinta da samfefa. A 1955 ya wallafa cewa in aka shafa wa ɓawon haƙori irin wannan asid na ɗan lokaci, roba tana kama shi da ƙarfin da ba a taɓa gani ba. Dalilin shi ne asid ɗin yana cin saman ɓawon kaɗan ƙwarai, ya bar dubban ramuka da ido ba ya gani, ƙaro mai ruwa ya kwarara ciki ya daskare, ya zama kamar saiwoyi. Shi da asid mai ƙarfin kashi 85 cikin ɗari ya gwada, yau ana amfani da mai kashi 35 zuwa 37. An yi fiye da shekara goma ba a ba aikinsa muhimmanci ba, kuma akwai uzuri, domin robar da ake da ita a lokacin ba ta da kirki: tana tsukewa in ta bushe, ta kumbura da zafi, ta yi ruwan ƙasa cikin ɗan lokaci. Rafael Bowen, wanda ya yi bincikensa a hukumar ma'aunai ta gwamnatin Amurka, shi ya warware wannan a farkon shekarun 1960. Ya haɗa sabon ƙaro mai suna Bis-GMA, ya cika shi da garin silika, ya lulluɓe garin da sinadarin silen don ƙaro da gari su riƙe juna. Kwamfosit ke nan, kuma yawancin na yau jikokinsa ne. Daga baya, a shekarun 1970, aka samo hanyar ƙafar da shi da haske, da farko hasken da ido ba ya gani, sannan shuɗin haske. Wannan ya ba likita damar ya ɗora launi bisa launi a natse, ya gyara, sai ya gamsu sannan ya haska. A karo na farko a tarihi aka iya ƙara wa haƙori abu ya zauna daram ba tare da an sassaƙe shi ba.

Sai tangaran ya biyo sawu. Alain Rochette a Faransa ya bayyana manna guntun tangaran a karyayyen haƙori a 1975, sannan a 1983 John Calamia da Richard Simonsen, da kuma Harold Horn, suka nuna a Amurka cewa in aka ci bayan faifan tangaran da asid na haidirofulorik, shi ma yana yin ramukan da ƙaro zai kama. Mafarkin Pincus ya tabbata bayan shekara 55. A nan akwai abin da masu talla ba su cika faɗa ba, alhali shi ne zuciyar maganar: abin da ke riƙe biniyar tangaran a baki ƙaro ne, ɗan gidan su kwamfosit. Faifan da bai kai milimita ɗaya ba, in ka matsa shi da yatsa yana iya fashewa. Ƙarfinsa yana zuwa ne bayan an manne shi da abu mai tauri irinsa, wato ɓawon haƙori. Ashe kayan biyun da ake gwada su kamar kishiyoyi uwarsu ɗaya, binciken Buonocore, kuma dukansu a kan ɓawo suke rayuwa.

Yadda aka kauce daga wannan hanya ba a rana ɗaya ba ne, kuma ba da mugun nufi aka fara ba. Biniyoyin farko da aka ɗora ba tare da an goge komai ba sun sa haƙora sun yi tudu, dasashi ya kumbura, don haka aka koma rage kamar rabin milimita, a tsaya cikin ɓawo. Wannan daidai ne. Amma a shekarun 1990 aka samu sababbin tangaran masu ƙarfi da ake matsawa a cikin zubi, waɗanda suka fi son kauri, mutane kuma suka fara neman fari fat da jeri ɗaya kamar an ja zare. Karkataccen haƙori da ƙarfen gyaran jeri zai miƙar cikin shekara ɗaya ko biyu, sai a sassaƙe shi a mako biyu. Shirye-shiryen talabijin irin Extreme Makeover, wanda aka fara a Amurka a 2002, suka koya wa miliyoyin mutane cewa murmushi abu ne da ake sauyawa kamar riga. A wannan shekarar ce Daniel Edelhoff da John Sorensen suka auna abin da kowane irin aiki ke ci daga haƙorin gaba: biniya tana cin kashi 3 zuwa 30 cikin ɗari na ɓangaren da ke bayyane, hula kuwa kashi 63 zuwa 72. Tazarar da ke tsakanin 3 da 30 kaɗai ta isa ta nuna cewa kalmar biniya ba ta gaya wa mutum abin da za a yi masa. Mafi muni, ana sayar da hula da sunan biniya. A 2022 BBC ta yi shiri a kan matasan Birtaniya da ke tafiya Turkiyya gyaran haƙora, inda aka ga waɗanda suka tafi da niyyar lulluɓi suka dawo an mayar musu da lafiyayyun haƙora turaku. Aikin Charles Land ne na ƙarni na 19 aka yi musu, sai dai Land ba shi da manne, su kuwa likitocin da suka yi musu aikin suna da shi. Garin neman gira aka rasa ido.

Mai kare tangaran zai ce araha ba ta ado, kuma hujjarsa ba ta wasa ba ce. Wani bincike da aka yi a Insburuk ta ƙasar Ostiriya, aka wallafa a 2012, ya bi biniyoyin tangaran sama da ɗari uku, ya samu kusan kashi 93 cikin ɗari suna nan bayan shekara goma, kusan kashi 83 bayan shekara ashirin. A Holan, Marco Gresnigt da abokan aikinsa sun sa iri biyun a bakunan mutane ɗaya, suka wallafa a 2019 cewa bayan kusan shekara goma na tangaran duk suna nan, na ƙaro kuwa kashi 75 cikin ɗari suka rage, kuma waɗanda suka ragen sun fi dusashewa. Binciken ƙarami ne, ƙaron kuma irin wanda ake ƙerawa a waje ne a manna, amma sakamakon ya dace da abin da likitoci ke gani kullum. Ƙaro yana shan launin shayi da gahawa da taba, balle goro, santsinsa yana tafiya, gefensa yana yin baƙin zare. Duk wanda ya ce ƙaro ya kai tangaran ƙarko bai faɗi gaskiya ba.

Sai dai a duba a kan me waɗannan alƙaluma suka tsaya. Galip Gürel, likita ne a Istambul kuma yana cikin waɗanda duniya ta sani a aikin biniyar tangaran, abin da ke nuna cewa ɓarnar da aka yi wa masu zuwa ƙasarsa gyaran haƙora ta kasuwa ce, ba ta ƙasa ba. Shi da abokansa sun bi biniya 580 har zuwa shekara 12, suka wallafa a 2013 cewa wadda aka manna a kan dantin ta fi wadda ta tsaya cikin ɓawo yiwuwar lalacewa kusan sau goma. Ƙarkon da ake yabon tangaran da shi, ashe rabonsa ne daga ɓawon da aka bari. Likitan da ya sassaƙe ɓawon don ya sa tangaran ya zubar da dalilin da ya sa tangaran ke daɗewa. Sannan ƙarkon faifai daban, ƙarkon haƙori daban. A ɗauki budurwa mai shekara 25 wadda Allah zai ba ta tsawon rai zuwa 75. Ko da kowace biniya ta yi mata shekara 15 ko 20, sai an sauya sau biyu ko uku, kuma tangaran da ya manne da kyau ba a ɓanɓare shi, goge shi ake yi, kowane sauyi yana tafiya da ɗan abin da ya rage. Biniya ta zama hula, hula ta kai ga cire jijiya, wani lokaci a ƙare da cire haƙorin. Ƙaro in ya ɓalle a gefe, ana ƙara masa wani a zama ɗaya. In ya dushe, a goge shi ya dawo. Yana yawan neman gyara, amma gyaransa ba ya cin haƙori sosai, kuma wadda ta fara da shi tana iya komawa tangaran tana da shekara 40 da ɓawonta a cike. Wadda ta fara da sassaƙa ba ta da hanyar komawa.

Ba kuma zan wanke ƙaro tas ba. Ana yawan cewa ana iya cire shi haƙori ya koma yadda yake, amma launinsa ya yi kama da na haƙori har yakan yi wuya a gane inda ya ƙare, mai cirewa da gaggawa yana iya haɗawa da ɓawo. In aka labta shi da kauri, ko aka haɗe tsakanin haƙora yadda zaren sakace ba zai wuce ba, dasashi zai yi ciwo kamar yadda zai yi da mummunan tangaran. Kyansa kuma a hannun likita yake gaba ɗaya, domin shi ne mai zane shi ne magini, ba kowa ke da wannan hannu ba. Akwai kuma bakin da tangaran ne ya dace da shi: haƙoran da suka riga suka cinye, ko suka sha ciko har ba sauran abin tattali, ko masu tabo mai zurfi. Mutanen Tibiri kusa da Maraɗi sun san irin wannan tabo, inda ruwan sha mai yawan fulorayid ya ɓata haƙoran yara masu yawa, wasu har ƙasusuwansu. Wanda ya girma yana rufe baki da hannu in zai yi dariya, ba kwalliya yake nema ba, kuma siririn ƙaro ba lalle ya ɓoye baƙin ba. Akwai ma tangaran na yau mai sirantar kashi uku cikin goma na milimita, wanda a bakin da ya dace kusan ba a goge komai. Saboda haka ba tangaran nake ƙi ba. Jerin matakai nake karewa: a fara da wanki da hasken magani da miƙar da jeri, sannan ƙaro, sannan tangaran cikin ɓawo, hula kuwa sai haƙorin da ya riga ya lalace.

Saura mai cewa baki nasa ne, kuɗi nasa ne, in yana son fari fat yau ina ruwan wani. Haƙƙinsa ne, in an gaya masa gaskiyar abin da za a cire, da milimita, kafin a kunna inji. Amma tarihi yana da abin faɗa game da abin da ido ke so. A Jafan manyan mata sun yi ƙarnuka suna rina haƙoransu baƙi, har ƙarni na 19. A ƙasar Hausa iyayenmu mata sun goga fure da goro don haƙora su yi ja, aka kira shi ado. Haƙorin Makka, hular zinariya ko azurfa da alhazai ke dawowa da ita, ya yi zamaninsa na alfahari, yanzu matasa da yawa ba sa marmarinsa. Wushirya da mawaƙanmu ke yabo, ita ce giɓin da Pincus ke rufewa a Holiwud, kuma yau akwai 'yan matan da ake rufe wa tasu don su yi kama da hoton waya. Yayi yana yin shekara ashirin ko talatin ya wuce, haƙori kuwa ana so ya yi saba'in. Fure yana wankuwa, ƙaro yana goguwa, amma sassaƙa tana nan bayan yayin da ya jawo ta ya tafi.

Likitocin da suka damu da wannan sun fito da ma'auni mai sauƙi. A Birtaniya, Martin Kelleher da Trevor Burke sun ba abokan sana'arsu shawara su tambayi kansu kafin kowane aikin kwalliya, shin da 'yarsu ce ta cikinsu a kan kujerar, za su yi wa haƙoranta haka? Gürel kuwa ya mayar da tattalin ɓawo aikin hannu. Kafin ya taɓa haƙori, sai a zana sabon murmushin da kakin zuma a kan samfurin baki, a kwafe shi da ƙaro na wucin gadi a ɗora a kan haƙoran mutum yadda suke. Mutum ya dubi madubi, ya yi magana, ya ji yadda leɓensa ke zama, ya yarda ko ya ƙi tun ba a rage masa komai ba. In ya yarda, ta cikin wannan ƙaron ake yanka, da bakin inji mai ma'aunin zurfi, yadda ba za a cire sai abin da faifan tangaran ke bukata don ya zauna. Sau da yawa inji yana gama aikinsa a wasu sassan bai ko kai ga haƙorin ba, ƙaron kawai ya ci.